Yadda ake zagaya Fulorens a kwana biyu, daga ƙubbar Duomo zuwa tudun San Miniato

Tsohon birnin Fulorens da ke Italiya ƙarami ne. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa cocin Santa Croce, wato daga wannan gefen gari zuwa wancan, tafiyar minti ashirin ce a ƙafa. Ƙanƙantar nan ita ke yaudarar baƙo. Mutum ya duba taswira ya ga komai maƙwabcin juna ne, sai ya jera wurare goma sha biyar a yini ɗaya, yamma ta yi ƙafa ta kumbura, waya ta cika da hotuna, amma ka tambaye shi wane zane ya gani a wane ɗaki, sai ya yi ta ina-ina. Kwana biyu sun isa, da sharaɗin ka yarda tun kana gida cewa akwai abubuwa da yawa da ba za ka gani ba. Tsarin da ke ƙasa wurare biyu ne manya a kowace rana, sauran duk tsintuwar hanya ce.

Abin da ake gamawa tun a gida

Italiya tana cikin ƙasashen Shengen, don haka bizar ziyara ta ɗan gajeren lokaci za ka nema. Za a buƙaci inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000, shaidar masauki, tikitin dawowa da bayanan asusunka na banki. Doka ta ba da damar shigar da takardu tun saura wata 6 a yi tafiya. Yi amfani da wannan damar, domin samun ranar ganawa shi ne ke cin lokaci.

Idan biza ta fito, abu na gaba shi ne zaɓen ranaku. Kada Litinin ta faɗo a cikin kwanakinka biyu, saboda manyan gidajen zane biyu, Uffizi da Accademia, a rufe suke ranar. Lahadi ma ba ta da daɗin sha'ani: coci-coci na ibada da safe, wasu ba sa buɗe wa masu yawon buɗe ido sai da rana. Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihin gwamnati kyauta ne, amma cunkoson ranar ya fi ƙarfin wanda kwana biyu kawai gare shi. Talata zuwa Juma'a su ne ranakun. A watanni kuma, Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi. Garin a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, a Yuli da Agusta zafi da gumi sukan taru su zauna, ko ɗan Sakkwato sai ya nemi inuwa.

Tikiti biyu ne dole ka saya ta intanet makonni kafin ka tashi, kowanne da ƙayyadadden lokacin shiga: na hawan ƙubbar Duomo, babban cocin garin, da na Uffizi. Na ƙubbar ana kiransa Brunelleschi Pass, yana aiki kwana 3, kuma ya haɗa da hasumiya, ɗakin baftisma da gidan tarihin cocin. Ka saya a shafin hukumar wurin kai tsaye. Shafukan 'yan kamasho su ne ke fara fitowa idan ka yi bincike, tikitin iri ɗaya ne, kuɗin ne ya ninka. Ka nemi ƙubba da sassafen ranar farko, Uffizi kuma ƙarfe 8:15 na safen rana ta biyu, lokacin da ake buɗe ƙofa.

A jaka: takalmi mai taushin ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, domin titunan da dutse aka shimfiɗa su, da kan soket mai ƙafa biyu zagayayyu, tunda namu na Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga bangonsu.

Ka san abin da za ka gani

Gara a faɗi wannan tun da wuri. Zane-zanen Fulorens mafi yawansu na addinin Kirista ne, akwai siffofin da aka yi da sunan annabawa da Nana Maryamu, akwai kuma mutum-mutumi da yawa tsirara, wasu ma a tsakiyar dandali. Kowa ya san matsayinsa a kan wannan, kuma wanda zai je da iyali ya kamata ya yi shawara da su tun kafin a isa bakin ƙofa. Wanda bai son sassaƙe-sassaƙen ba zai yi asarar tafiya ba, gine-ginen kaɗai sun ishe shi kallo.

Dokar shiga coci mai sauƙi ce: a rufe kafaɗa da gwiwa, a rage murya, kada a kunna hasken kyamara. Hajiya da mayafinta ko hijabinta ta riga ta cika sharaɗi, babu mai ce mata komai. Alhaji ne zai cire hula a bakin ƙofa, domin a al'adarsu namiji ba ya shiga coci da rufaffen kai. Idan ka tarar ana ibada, ka tsaya daga baya ko ka dawo an jima. Kirista da ke son halartar ibadar ba ya biyan kuɗi, akwai ƙofar da ake ware wa masu addu'a, sai ya tambayi mai gadi.

Isowa

Yawanci ta Roma ko Milan ake shigowa. Jirgin ƙasa mai gudu, Frecciarossa ko Italo, yana kawo ka daga Roma cikin kusan awa ɗaya da rabi, daga Milan kusan awa biyu. A allon tasha ba za ka ga an rubuta Fulorens ba, Firenze za ka nema, kuma tashar da kake so ita ce Firenze S.M.N. Akwai Campo di Marte da Rifredi, su ma na garin ne amma a gefe suke. Ka kama masauki tsakanin tasha da kogin Arno. Kada ka yi hayar mota: tsakiyar garin an hana motocin baƙi shiga, kyamara ce ke ɗaukar lamba, tarar kuma tana bin mutum har ƙasarsa. Otal zai karɓi ɗan harajin gari na kowane dare ban da kuɗin ɗaki, doka ce, ba cuta ba ce.

Rana ta farko: Duomo

Ka isa dandalin minti goma sha biyar kafin lokacinka. Ba a hawa da babbar jaka, akwai wurin ajiya a nan dandalin. Babbar riga ma a bar ta a otal yau, hanyar sama ƙunci gare ta.

An aza harsashin cocin a 1296, aka yi ta gini har aka kai inda za a rufe, sannan aka tsaya cirko-cirko. Faɗin wurin ya kai mita 45, kuma babu katakon da zai isa a kafa tallafin da za a ɗora ƙubba a kansa kamar yadda aka saba. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya ya san tambayar da ke zuwa wa mutum: me ya riƙe wannan kafin a haɗe samansa? Wani maƙerin zinariya, Filippo Burunelleski, shi ya kawo amsa, ya fara a 1420 ya rufe a 1436, ba tare da tallafi daga ƙasa ba. Ya yi ƙubba biyu, ɗaya cikin ɗaya, kuma matakala 463 da za ka taka a tsakaninsu suke bi.

A nan ne nake so ka rage sauri. Idan ka wuce rabi, bango zai fara karkatowa kanka, har sai ka ɗan sunkuya. Duba inda babu shafe, za ka ga jan bulo a fili. Mafi yawansa a kwance yake, amma bayan kowane 'yan taku akwai wanda aka tsayar a tsaye, kuma waɗannan na tsayen suna hawa a karkace, layi bayan layi. Su ne suka riƙe kowane zagaye kada ya zamo ciki kafin kwaɓin ginin ya bushe. Bulo sama da miliyan 4 aka jera haka. Mutane na wuce wurin suna haki, hankalinsu na kan kaiwa sama, alhali abin da ya sa ƙubbar ta yi suna yana daidai kafaɗarsu.

Kafin nan za ka bi ta wata siririyar baranda a cikin cocin, dab da zanen ranar hisabi da Vasari ya fara a 1572, Zuccari ya gama a 1579. Mai jin jiri ya kalli bango. Wanda ke da ciwon zuciya ko gwiwa, ko ba ya jure matsattsen wuri, ya haƙura da hawan, domin babu lif kuma babu wurin juyawa cikin sauƙi. Hasumiyar Jotto da ke gefe matakala 414 ce, tana da wuraren hutawa, kuma daga kanta ne ake ganin ƙubbar kanta. Ɗaya za ka hau, ba biyu ba.

Cikin cocin kyauta ne, amma layinsa kan yi tsawo, kuma a ganina ya fi kyau daga waje. Idan ka samu layin gajere ka shiga, ka juya ka kalli saman ƙofar da ka shigo. Akwai agogon da Paolo Uccello ya zana fuskarsa a 1443, mai awa 24, hannunsa na tafiya ta hagu, kuma awa ta ƙarshe tana cika ne da faɗuwar rana, wato sabuwar rana daga magariba take farawa. A cikin wannan coci ne kuma, ranar 26 ga Afrilu 1478, ana tsakiyar ibada, mutanen gidan Pazzi, masu hamayya da gidan Medichi da ke juya akalar garin, suka daɓa wa Juliyano na gidan Medichi wuƙa har lahira, wansa Lorenzo ya tsira da rauni.

Inda ya cancanci awa ɗaya da rabi shi ne gidan tarihin da ke bayan cocin, Museo dell'Opera del Duomo. Ƙofar zinariya da jama'a ke turereniya a gabanta a jikin ɗakin baftisma kwafi ce, ta ainihin tana nan ciki bayan gilashi. Lorenzo Giberti ya yi shekara 27 a kanta, daga 1425 zuwa 1452. Faifai goma ne na tagulla da aka shafe da zinariya, kuma ba ka buƙatar ɗan jagora ya karanta maka su: Adamu da Hauwa'u, Habilu da Ƙabilu, Nuhu, Ibrahim, Yakubu, Yusufu da buhunan hatsi a Masar, Musa, Yusha'u, Dawuda, sai na ƙarshe Sulaimanu yana tarbar Bilkisu. Bisa ruwayar Baibul aka yi su, don haka za ka ga bambanci a wasu wurare. Ka lura da yadda mutanen gaba suka fito kamar za a ɗauke su da hannu, na baya kuma suka koma kamar zanen allura, duk a kan ƙarfen da kaurinsa bai kai tafin hannu ba.

Da rana, da yamma

Bayan abinci ka nufi Santa Maria Novella, kusa da tasha. Ana biyan kuɗi amma ba a cika yin layi ba. A bangon hagu akwai zanen Masachiyo na wajen 1427, wanda aka yi shi da lissafi har ido ke ganin kamar an huda bango an gina ɗaki a ciki. Bayan babban bagadi kuma zanen Girlandayo ne, inda ya sa matan attajiran garin da kayan adonsu na zamanin a cikin labaran addini. Ka nemi raƙumin dawa a can nesa a ɗaya daga cikin faifan. Ba ƙirƙira ba ce: Sarkin Masar Ƙaitbai ya aiko wa Lorenzo Medichi da shi kyauta a 1487, garin kuma ya daɗe yana zancensa.

Idan ka fito, a titin Via della Scala akwai tsohon shagon turare da magunguna na 'yan zuhudun cocin, wanda ya fara sayar wa jama'a tun 1612. Shiga kyauta ne, farashi kuwa sai mai ƙarfi, amma ko shinshinawa ka yi ka fita ba ka yi asara ba.

Yanzu maganar Dawuda na Mikelanjelo. An sassaƙa shi daga dutsen marmara guda tsakanin 1501 da 1504, tsayinsa ya haura mita 5, kuma tsirara yake. Na ainihin yana Accademia tun 1873, sai da tikitin da aka kama tun da wuri. Idan ka ƙudura sai ka gan shi, ka musanya shi da Santa Maria Novella, kada ka haɗa biyun. Idan ba haka ba, kwafinsa na tsaye a Piazza della Signoria, inda za ka bi da yamma. A dandalin, kusa da maɓuɓɓugar ruwa, akwai wani zagayayyen dutse a ƙasa mai rubutu. Nan aka rataye mai wa'azi Savonarola aka ƙona gawarsa a 1498, shekara guda bayan shi ya sa an tara kayan ƙawa da zane-zane an cinna musu wuta a wannan fili.

Daga nan minti biyar ne zuwa gadar Ponte Vecchio ta 1345. Da mahauta ne a shagunan kanta, sai a 1593 aka kore su saboda wari aka zuba maƙeran zinariya, har yau su ne a wurin. Ita kaɗai ce gadar garin da sojan Jamus ba su rusa ba a 1944. A nan da sauran wuraren cunkoso ka mayar da jakarka gaba. Kada ka sayi jakar jabu a hannun masu shimfiɗa a ƙasa, a Italiya mai saye ma ana cin tararsa.

Ci da salla

Mutanen Toskana, yankin da Fulorens take, masu son naman alade ne, kuma yana ɓuya a inda ba ka zata ba. Ka riƙe waɗannan sunaye a waya: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia, finocchiona, lardo, strutto. Na ƙarshen kitse ne, yakan shiga burodi da kayan fulawa. Ka ce "senza maiale, senza vino", wato ban da alade ban da giya, za su gane. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ribollita, miyar wake da kabeji da burodi, ko pappa al pomodoro, ko taliya da tumatir, ko kifi, duk da haka ka tambaya da me aka yi romon. Shagunan kebab masu alamar halal suna da yawa a kewayen tasha da kasuwar San Lorenzo. Burodin garin babu gishiri, haka suke yinsa. A takardar kuɗi za ka ga coperto, kuɗin zama ne na kowane kai. Kofi a tsaye a bakin kanta ya fi arha nesa ba kusa ba.

Musulmin garin suna da wurin salla a wajen Piazza dei Ciompi, 'yan mintuna daga Santa Croce, ya yi daidai da azahar ɗin rana ta biyu. Ka sa manhajar lokutan salla ta koma Fulorens, domin a watan Yuni magariba kan kai wajen ƙarfe 9 na dare. Da sanyi agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa ɗaya.

Rana ta biyu: Uffizi

An fara ginin a 1560 don ofisoshin gwamnatin Cosimo na Ɗaya na gidan Medichi. Dukiyar da ke ciki ta tsaya a garin ne albarkacin mace ɗaya, Anna Maria Luisa, ta ƙarshe a zuriyar Medichi, wadda ta sa hannu a yarjejeniyar 1737 cewa ba za a fitar da komai daga Fulorens ba.

Awa uku ka ba shi, kada ka ƙara. Daga sama ake farawa. A ɗakunan farko akwai manyan alluna uku na Chimabuwe, Duchiyo da Jotto, duk abu ɗaya suka zana, Maryamu riƙe da ɗanta. Ka tsaya tsakiya ka kwatanta: a na farko biyun tufafi kamar a rataye suke, a na Jotto akwai gwiwa da nauyin jiki a ƙarƙashin mayafin. Daga wannan bambancin duk sauran gidan ya taso.

Gaba kaɗan ka nemi allon wani mai zane, Gentile da Fabriano, na 1423, mai sarakuna uku da dawakai da zinariya ko'ina. Matsa kusa iyakar yadda igiya ta bari, ka kalli da'irar zinariyar da ke bayan kan Maryamu da Yusufu. Rubutu ne ya zagaye ta, mai dogayen alifai da lamai, an raba shi da ƙananan furanni. Duk wanda ya yi makarantar allo zai fara ƙoƙarin haɗa baƙi, amma ba zai karantu ba, kwaikwayon rubutun Larabci ne kawai. Attajiran Italiya na lokacin suna sayo farantan tagulla da yadudduka daga Masar da Sham, rubutun da ke jikinsu ya zama alamar tsada da daraja, shi ya sa mai zanen ya ɗora shi a wuri mafi girma a allonsa. Ayarin masu yawon buɗe ido ba sa tsayawa a nan, ɗakin Botichelli suke hanƙoro, don haka za ka samu sarari.

Shi ɗakin Botichellin, ka shiga kafin ƙarfe 9:30 ko ka kalli ƙeyar mutane. Daga nan Leonardo, sai zagayayyen allon Mikelanjelo, sai tagar ƙarshen baranda mai kallon kogi. Ɗakunan ƙasa ka bi su da sauri, ka tsaya wajen garkuwar da Karabajo ya zana wa kan Medusa, macen tatsuniyar Girkawa mai gashin macizai, ka fita.

Santa Croce da hawan tudu

Santa Croce maƙabartar manyan Italiya ce. Kabarin Mikelanjelo na dama da shiga, na Galileo na fuskantarsa, Makiyabelli na gaba. Akwai babban abin tunawa da marubucin waƙoƙi Dante amma babu kowa a ciki, a Ravenna aka binne shi, garin da ya mutu yana gudun hijira. Unguwar nan ce ta fi shan wuya a ambaliyar 4 ga Nuwamba 1966, kuma a bangaye za ka ga ƙananan alamu, sama da kanka sosai, na inda ruwa ya kai. Gicciyen Chimabuwe da ruwan ya cinye fentinsa yana nan, an bar tabon a fili.

A bayan cocin akwai makarantar dukanci, Scuola del Cuoio, da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Biyu don koya wa marayu sana'a. Za ka ga ana yanka ana ɗinki a gabanka. Italiya na cikin manyan masu sayen fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Kano, saboda haka Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan ciniki: ka shinshina, ka duba bakin yanka da bayan fatar, ka ja ɗinkin. A rumfunan kasuwar San Lorenzo ana taya kaya, a shaguna ba a yi.

Saura awa biyu rana ta faɗi ka haye kogi. Ko ka taka ta unguwar San Niccolò, hawan kusan rabin awa, ko ka shiga bas mai lamba 12 ko 13. Jama'a a Piazzale Michelangelo suke tsayawa. Kai ka ƙara minti goma zuwa San Miniato al Monte, cocin da ya haura shekara 1000, shiga kyauta. Daɓensa na marmara an tsara shi kamar darduma, 'yan zuhudun wurin kuma suna rera addu'arsu da yamma a ɗakin ƙasa, ana iya zama a saurara daga baya. Daga matakalar ƙofarsa kana ganin ƙubba, hasumiya da gadoji a jere.

Idan a daren za ka koma Roma, ka ba kanka awa ɗaya daga tudun zuwa tasha, har da ɗauko kaya a otal. Lambar layin da jirgi zai tsaya ba ta fitowa a allo sai saura 'yan mintuna, ka bi lambar jirgin da ke tikitinka, domin sunan garin da ke allo na tashar ƙarshe ne, wataƙila Napoli ko Salerno. Idan kuma ka yi sayayyar sama da Yuro 70 a shago ɗaya, ka nuna fasfo su ba ka takardar mayar da haraji, a filin jirgi ake tabbatar da ita kafin ka miƙa akwati.